Damin Maiwada Mai Kukuma

Duk baƙon da ya zo Saulawa ya ji ni ce yayar Maiwada Mai Kukuma sai ya washe baki, wai ashe gidanmu gidan manya ne. Manyan ina? Ni na goya shi, ni na yi masa tsarki, na san shi tun yana satar ƙuli-ƙulin Inna yana ɓoyewa a hula. Mai son labarin mawaƙin da ake ji a rediyo ya je wurin masu rediyo. Ni Hajo, abin da na sani shi ne abin da ya yi wa gonarmu, shekara uku bayan Turawa sun miƙa mulki.

Bari dai in ba shi nasa, kada a ce baƙin ciki nake yi. Murya kam Allah ya ba shi. Da amshi ya fara, yana bin makaɗan noma gona gona, har ya samu gangarsa ta kansa. Da ya ji 'yan mata sun fara kama sunansa sai kai ya kumbura, ƙauye ya yi masa kaɗan. Ya rataye gangar a zauren gidanmu, ya bi motar auduga zuwa Zariya, ya koyi kukuma, ya shiga yi wa 'yan birni waƙa a otal-otal na Sabon Gari. Daga nan aka kai shi Kano aka ɗauki muryarsa a faifai. Fiye da shekara ashirin da biyar kenan, kuma a cikinsu bai fi sau huɗu ya tako garin nan ba. Ko rasuwar Inna sai bayan sadakar bakwai muka gan shi.

Sai kuma wasan majigi. Mutanen majigi suka ɗauke shi ya fito a matsayin manomin kirki, wanda yake sa takin zamani ya samu amfani, maƙwabcinsa malalaci yana cizon yatsa. Na gan shi sau ɗaya da aka kawo a Hunkuyi, na je suna gidan ƙanwar maigidana. Ga Maiwada a jikin farin ƙyalle, ƙato kamar rumbu, da farar riga tas, ya riƙe fartanya a tsakiyar wata gonar dawa da ba tasa ba. Ko ɗigon gumi babu a goshinsa. Maza suna tafi, mu tsofaffin mata muna ƙyaƙyata dariya a cikin mayafi, don kowa ya ga ƙotar ta yi masa nauyi. Shi da bakinsa ya taɓa gaya mana cewa saran fartanya ɗaya sai da ya yi shi sau tara, Bature yana cewa a sake, a sake. Da ya gama suka ba shi lemo ya zauna a inuwa. Wannan shi ne noman da ƙanena ya yi suna da shi.

To, a daminar da nake ba ku labari, kurkunu ya kwantar da maigidana. Mutanen gari suna ce masa Sama'ila na Bakin Rafi, ni dai Malam nake cewa. Kurkunu uku suka fito masa, biyu a ƙafa ɗaya, ɗaya a gwiwa, kullum muna naɗe su a tsinke kaɗan kaɗan. Ya samu ya yi shuka, ya yi noman farko da ƙyar, amma da lokacin maimai ya zo ko bayan gida sai an riƙe shi. 'Ya'yanmu mata duk suna gidajen mazansu, namijin ɗaya ya tafi haƙar kuza Jos. Gonarmu ta dawa ita ce cinmu na shekara, babu wata. Ina zuwa ina tsayawa a bakinta ina kallon harƙiya da ƙiri-ƙiri suna tsere da dawa, ruwa kuwa ba ya fashi. In aka ƙara mako biyu ba a nome ta ba, shi kenan, ciyawa ta cinye.

Saboda haka na kira gayya. Na kai goro wurin Sarkin Noma Ɗan'azumi, na durƙusa na faɗa masa halin da muke ciki. Mutumin kirki ne, sai dai zuciya, kuma duk samarin Saulawa bayansa suke. Ya duba jerin gonakin da ke gabansa, ya ce ranar Asabar tamu ce. Na kai goro wurin Tanko makaɗin noma, shi ma ya karɓa. Na share ƙasan rumbu na kwashe dawar da ta rage don tuwo da kunu, na sa aka kama akuyata guda za a yanka. Gayya sau ɗaya ake kiranta. Wanda ya kira ta ya zuba duk abin da yake da shi ne a tukunya, ba shi da na biyu.

Ranar Laraba sai ga Maiwada, ya sauko daga motar kasuwar Maƙarfi da akwatin ƙarfe da garmaho a kai. Shi kaɗai, babu 'yan amshi, babu maroƙi. Da ina da wayo da nan na gane akwai magana, amma ina! Yara suka biyo shi har ƙofar gida, ya kunna musu garmaho, garin ya taru. Da ya ji labarin gayya sai ya dafa ƙirji, wai yana raye a duniya wani Tanko zai yi wa yayarsa kiɗa? Shi zai yi. Zai tara mana jama'ar da Saulawa ba ta taɓa gani ba, kafin azahar a gama gonar har a shiga ta maƙwabta.

Malam yana kwance ya ji daɗi, surukinsa na rediyo zai yi masa kiɗa. Ni ma kada in yi ƙarya, raina ya so. Na ce ai matan garin nan za su san wace ce Hajo. Wannan wautar tawa ce, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kanta.

Aka aika wa Tanko cewa an hutar da shi. Bawan Allah bai yi fushi ba, ko kuma ya yi ya haɗiye. Ranar Alhamis da la'asar ya zo zaure ya sami Maiwada yana sa wa tsohuwar gangarsa sabuwar fata. Ina daga ciki ina jin su. Tanko ya ce ya zo ne ya zauna da shi su bi gidajen garin ɗaya bayan ɗaya, ya gaya masa wane ne ke riƙe da garma yanzu a kowane gida, da taken kowa, don mutane sun canja tun tafiyarsa. Maiwada ya yi dariya har da tari.

"Tanko, ni za a koya wa kiɗa? Ka san ko faifai nawa gare ni?"

Tanko ya ce bai sani ba, Allah ya ba da sa'a, ya sa takalminsa ya tafi.

Ga waɗanda ba su san gayya ba, kada ku zaci tuwo ne yake sa namiji ya yi noman mutum uku a gonar da ba tasa ba. Take ne. Kowane gidan manoma yana da nasa kiɗan, da nasa kirarin, wanda aka yi wa kakansa, aka yi wa ubansa, yanzu ake yi masa. Makaɗi yana bin bayan manoma kunya kunya, in ya ga wane ya fara sanyi sai ya buga masa taken gidansu ya kira sunan ubansa. Nan za ka ga ƙato ya yi kururuwa ya duƙa, ƙasa tana tashi. Aikin makaɗi kenan, ya san kowa da na gidansu, kuma kada ya yi shiru tun daga hantsi har a tashi.

Asabar ta zo. Tun da sassafe Ɗan'azumi ya iso da maza sun kai sittin, kowa da fartanya a kafaɗa. Da na gan su sun jeru a bakin gona sai da na yi ƙwalla, na ce Allah ka rufa mana asiri. Gaskiyar Maiwada ɗaya, jama'a kam ta taru. Sai dai ba manoma ba ne, 'yan kallo ne. Daga Hunkuyi, daga Dandamisa, har da masu keke daga Ikara, duk sun zo ganin mutumin majigi. 'Yan talla suka baje kaya a kan kunyoyin gefe, suna tattaka mini dawa. Shi kuwa gogan sai da rana ta ɗaga ya fito, da farar riga da baƙin tabarau da takalmi sau-ciki. A gona! Yana tafe yana ɗaga wa mutane hannu.

Ya rataya ganga ya fara. Hannun bai manta ba, wannan kam na yarda. Amma da ya buɗe baki sai ya kama kiran matattu. Ina wane, ina wane, duk mutanen da ya bari a garin da ƙarfinsu, waɗanda yanzu ƙasa ta daɗe da rufe idonsu. Ya kira wani da muka binne tun shekarar fara, wai ya fito ya nuna musu noma. Samari suna duban juna, wasu suna dariya, wasu ransu ya ɓaci don ubanninsu ne. Babu saurayi ɗaya a cikin sittin ɗin nan da Maiwada ya san sunansa.

Ga kuma wata. Ya saba da waƙar faifai, wadda kafin ka sha ludayi biyar na kunu ta ƙare. Sai ya yi 'yar waƙa ya tsaya, ya juya wajen 'yan kallo yana jiran tafi, ya nemi ruwa, ya gyara tabarau. Ganga tana yin shiru fartanyoyi suna tsayawa. Muryar ma da ake taƙama da ita ta dushe, in ya ja sama sai ta tsage. Hantsi ya yi sosai ba a ci kashi ɗaya cikin biyar na gonar ba. Ina gindin ɗorawa wajen tukwane ina kallo.

Ɗan'azumi ya ga abin zai lalace, sai ya tuɓe rigarsa ya shiga gaba da kansa don ya ja samarin. Shi kuma Maiwada ya ga 'yan kallo sun fara hira da junansu, abin da ba ya iya jurewa kenan. Sai ya ɗauko babbar waƙarsa, wadda ta yi masa suna, wadda ake rawa da ita a otal, wadda aka sa a ƙarshen majigin nan.

Waƙar kuwa ba tasa ba ce. Taken gidan Tukur ne, Sarkin Noman Dandamisa. Tun yana ɗan amshi ya ji shi, ya tafi da shi birni ya ƙara masa gishiri ya mai da shi kiɗan rawa. A birni haka suke aikinsu, waƙa ɗaya ce, yau a sa sunan wannan alhajin, gobe a cire a sa na wancan direban, kowa ya yi murna. Ya yi shekara ashirin yana haka har ya manta waƙar tana da masu ita. Mu ma da muke jinta a rediyo mukan taɓe baki ne kawai, tunda can ne, ba a gonar kowa ba.

Kuma duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin gidan Tukur da gidan Ɗan'azumi. A wata babbar gayya da aka haɗa garuruwan biyu, uban Tukur ya tsere wa uban Ɗan'azumi da kunya uku a gaban jama'a, ana buga wannan taken a kansa. Uban Ɗan'azumi bai sake riƙe fartanya a bainar mutane ba har ya mutu. Maiwada yana wurin ranar, yana amshi.

Shi ne a gayyarmu ya matso har bayan Ɗan'azumi, ya buga taken, ya wage baki:

"Ɓauna mai tsaga fako, rana ta gaji kai ba ka gaji ba, Ɗan'azumi na gaba da maza!"

'Yan kallon Dandamisa suka ɗauki sowa, suka faɗa rawa, suna kiran sunan Tukur. Shi kuwa sakaran ya zaci shi ake yi wa, ya ƙara ƙaimi, har da juyi.

Ɗan'azumi ya miƙe tsaye a hankali. Bai ko kalli Maiwada ba. Ya tsinko ganye ya goge bakin fartanyarsa, ya ɗauki rigarsa, ya tako har gindin ɗorawa ya rusuna a gabana.

"Iya, ki gaida Malam, Allah ya ba shi lafiya. Gonar nan gidan Tukur aka kira su nome ta, ba mu ba."

Na kama bakin rigarsa ina ba shi haƙuri, ya zare a hankali ya wuce. Samarin suka saɓa fartanyoyi suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya dubi tuwon. Kafin in tashi daga durƙuson gona ta zama ba kowa sai 'yan kallo. Su ne suka cinye tuwon da naman akuyata, har ana rigima a kan ƙanzo.

Maiwada ya zo yana haki, tabarau a hannu. Kun san abin da ya ce mini?

"Yaya, ki aika su dawo a sake daga farko. A wurin majigi in an yi kuskure sakewa ake yi."

Na ce masa, "Sai ka fara gaya wa ruwan da ya sauka ya koma sama, shi ma a sake."

Bai gane ba. Wallahi bai gane ba. Yana ta faɗin mutanen ƙauye ba su san darajar waƙa ba, a Kano mutum sai ya yi layi kafin a sa sunansa a wannan waƙar. Washegari da safe ya ɗauki akwatinsa da garmahonsa ya bi mota.

Na koma gidan Ɗan'azumi sau biyu. Ya ce ba ya riƙe da ni a zuciya, amma ranakun gayya duk an raba su har ƙarshen maimai, kuma ko ya ce a koma samarin ba za su taka gonar da aka yi wa iyayensu haka ba. Ko da sun yarda ma, da me zan ciyar da su? Na ɗauki fartanyar Malam da tsufana, ina fita da asuba ina dawowa da azahar, bayana kamar zai tsinke. Abin da na iya ceto bai wuce kusurwa ɗaya ba. Sauran ina ji ina gani dawa ta yi ja, ta tsumbure, ciyawa ta haura ta. Gonar da muke ɗaure dami hamsin, a kakar nan dami tara muka ɗaure. Ciyawar kuwa na yanke ta na tara a bayan ɗaki, ko jakin Malam ya amfana.

Al'ada ce in kaka ta yi makaɗin noma ya zaga gidajen da ya yi wa kiɗa, kowa ya fito masa da dami. Tanko ya yi zagayensa, jakinsa har yana nishi, ya wuce ƙofarmu ya yi sallama ya gaida Malam bai tsaya ba. Bayan kwana uku sai ga Maiwada.

Wannan karon babu garmaho, babu akwati. Rigar nan ce dai fara, ta sha wanki har ta fara sheƙewa a kafaɗa, shi kuma ya rame, wuya ya yi tsawo. Na riga na ji labari wurin Mero maƙwabciyata, wadda ɗanta yake dako a tashar Zariya. Ta ce masu otal sun daina kiransa, yara masu jita sun karɓe wurin, mutanen majigi sun sami wani sabon manomin kirki mai sauran haƙora. Garmahon ma ya sayar ya ci. Ashe tun zuwansa na damina abin ya riga ya ƙare, gayyata ya so ya farfaɗo da sunansa da ita.

Ya zauna a ƙofar gida da Malam, wanda ya fara takawa da sanda, da wasu dattawa biyu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, yaya aka ji da kaka. Sai da aka gama duk wannan ya leƙo zaure yana murmushin nan nasa na majigi.

"Yaya, makaɗin gonarki ya zo karɓar daminsa."

Na tsaya ina kallonsa. Na san yunwa ce ta kawo shi, na sani sarai. Na kuma san dami tara ne a rumbuna, da tsoho mai ciwo, da wata goma kafin sabon hatsi. Na ce masa ya jira. Na zaga bayan ɗaki na ɗebo harƙiya da ƙiri-ƙirin da na yanko daga gonar, na jera su kai da kai, na ɗaure da igiyar rama tamau, ɗaurin dami sosai, irin wanda Malam yake yi. Na kinkimo na dire a gabansa, a gaban dattawan.

Na ce, "Ga abin da kiɗanka ya noma."

Malam ya ce, "Haba, Hajo," ya sunkuyar da kai. Dattawan suka kama duban ƙafafunsu. Na zaci Maiwada zai yi faɗa, ko ya kawo mini zancen faifai nawa gare shi. Na ma shirya amsa. Amma ina. Ya daɗe yana kallon damin. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa, ya rage daga shi sai 'yar shara, ya lulluɓe ciyawar da ita ruf, ya ɗaure bakin. Ya durƙusa ya yi nishi, ya ɗaga ya ɗora a kai, gwiwoyinsa suna rawa. Ciyawar da ko jikata za ta ɗauka da hannu ɗaya.

Ya bi ta tsakiyar gari, ba ta bayan gari ba. Na fito bakin zaure ina kallonsa. Yana tafe yana tangaɗi kaɗan kaɗan, wuya a sanƙare, yana tsayawa yana gyara kayan kamar mai ɗauke da dawa ta gaske. Wajen masallaci wani ya ɗaga murya ya ce, Maiwada, an samu kenan? Na ji amsarsa daga inda nake, da dusasshiyar muryar nan.

"Alhamdulillahi. Yaya ta yi ƙoƙari."

Abin ya soke ni, ba zan ɓoye ba, har sai da na dafa bango. Amma ban kira shi ba, kuma ban aika masa da ko zangarniya ɗaya ba. Na tsaya nan har ya sha kwanar hanyar Maƙarfi da ciyawarsa a kai, mutane suna yi masa barka. Duk wasannin da ya yi a duniya wannan ne kaɗai ya iya, kuma shi kaɗai ne na kalla har ƙarshe ban yi dariya ba.